Baba, Mu Ma Za A Zo A Ɗauke Mu?

 Na san a gidaje da yawa rediyon yana kan tabarma ko a rataye a bakin ƙofar ɗaki, yara kuma suna kewaye da shi. Maganar yau ta iyaye ce, amma zan yi ta yadda ko yaro ya ji ba zai kwana da fargaba ba. Duk inda kuka ji na taƙaita wani labari, na ƙi faɗin yadda abu ya faru dalla-dalla, to da gangan na yi.

Yaron da aka haifa a 2014, shekarar da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok a jihar Borno, yanzu ya kai shekarun shiga sakandare shi ma. Tun yana goye yake jin labarin satar ɗalibai. Yana rarrafe ana maganar Chibok. Ya fara wayo aka yi Dapchi a 2018. Yana firamare aka kwashe yara maza sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, a daren 11 ga Disamban 2020. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka yi Kagara, aka yi Jangebe a jihar Zamfara, inda aka sako 'yan mata 279 a farkon watan Maris na 2021. A watan Mayun shekarar aka shiga wata Islamiyya a Tegina, jihar Neja, aka tafi da yara fiye da ɗari, wasunsu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Maris na 2024 aka yi Kuriga a jihar Kaduna. Mu manya mun san wani zamani kafin wannan, lokacin da ake tafiyar dare daga Kaduna zuwa Birnin Gwari ba tare da an yi sallama da iyali kamar ba za a dawo ba. Su yaranmu ba su san wannan zamanin ba. A cikin wannan suka buɗe ido.

Duk da haka, a yawancin gidajenmu idan yaro ya buɗe baki ya yi tambaya, amsa ɗaya yake samu: rufe mana baki, ba maganar yara ba ce. Ko a ce masa, tashi ka je ka yi wasa. Ba da mugun nufi ake faɗi ba. Uwa tana ganin ta kare ɗanta, uba kuma yana ganin ya tsare tarbiyya, tunda yaro ba ya sa baki a zancen manya. Sai dai an makara. Yaron ya riga ya ji. Ya ji a wajen ɗiban ruwa, ya ji a hanyar makarantar allo, ya ji lokacin da maƙwabciya ta shigo tana salati tana ba da labari a tsakar gida, ya leƙa wayar yayansa ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Abin da ya rasa shi ne babban da zai daidaita masa labarin. Idan bai samu ba sai ya ƙarasa shi da kansa, kuma abin da yaro yake ƙirƙira a zuciyarsa cikin duhun dare yakan fi ainihin abin da ya faru muni.

Saboda haka idan yaro ya zo da tambaya, kada a yi gaggawar amsawa. A fara da tambayarsa: me ka ji? Wa ya faɗa maka? Kai me kake tsammani ya faru? Sau da yawa za ku sha mamaki. Yarinya 'yar shekara shida za ta ce miki, Umma, an ce ɓarayin suna bayan makarantarmu. Alhali abin da ta ji ya faru ne a wata jiha, tafiyar wuni guda a mota. Ƙaramin yaro bai san nisa ba. A wurinsa Zamfara da bayan layinsu duk ɗaya ne, makaranta kuma guda ɗaya ce a duniya, tasu. Bai san lokaci ba kuma. Lokacin da aka kai hari kan dogayen benayen New York a Amurka a watan Satumban 2001, masu kula da halayyar yara sun lura cewa ƙananan yara da suke ganin talabijin yana maimaita hoton suna ɗauka wani sabon bene ne ake rusawa kowane lokaci. Haka yaronka yake idan ya ji labari ɗaya a labaran safe, ya ji a na rana, ya sake ji a na dare. A lissafinsa sau uku aka yi satar.

Idan kun ji abin da ke ransa, sai a ba shi gaskiya daidai gwargwadonsa, kamar yadda ake auna wa yaro magani da shekarunsa. Ɗan shekara biyar ko shida jimla biyu ko uku sun ishe shi. Eh, wasu mugayen mutane sun tafi da wasu yara a wani gari mai nisa. Manya suna nemansu, muna yi musu addu'a. Kai kana nan tare da mu. Shi ke nan. Idan bai ƙara tambaya ba kada a ƙara masa. Idan ya dawo gobe da tambayar da ya yi jiya, a sake amsa masa ba tare da tsawa ba, domin ba mantuwa ya yi ba, yana so ya tabbatar amsar ba ta canza ba. Ɗan shekara goma kuwa zai so ya san dalili. Me ya sa suke yi? A faɗa masa kuɗi suke nema, kuma abin da suke yi zalunci ne da addini da doka duka suka haramta. Kuma idan labari ya zo ƙarshe a faɗa masa ƙarshen. Wannan muna yawan mantawa. Ranar da aka sace yaran Ƙanƙara kowane gida ya ɗauki zancen, amma da aka sako su bayan kwana shida, gidaje nawa ne aka kira yara aka ce musu, kun tuna yaran nan? Sun dawo wurin iyayensu. Yaro da yawa ya ji farkon labarin ne kawai, ya ci gaba da zama da shi a haka.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Yaro zai dube ka ya ce, Baba, mu ma za a zo a ɗauke mu? Bakin uba yakan yi saurin cewa, a'a, ba abin da zai faru, har abada. Ni dai ina ganin wannan alkawari bai kamata a ɗauka ba, domin ba a hannunka yake ba, kuma yaron da ya kai shekara takwas ko tara ya sani. Ya ga an rufe makarantun kwana a jihohi da dama bayan Ƙanƙara da Jangebe, ya ga yayarsa ta dawo gida da akwatinta a tsakiyar zango. Idan ka ce masa babu komai alhali fuskarka tana cewa akwai, fuskar zai gaskata, kuma daga ranar zai daina kawo maka tambaya. Abin da ya fi shi ne ka faɗa masa abin da kake yi a kai. Ka ce masa, ina kulle ƙofa da kaina kowane dare. Kawunka yana cikin masu sintirin unguwa. Na je na ga shugaban makarantarku, na ga katanga da mai gadi. Ni da Ummanka aikinmu ne mu kula da ku, kai naka aikin karatu da wasa. Sannan ku yi addu'a tare, ku karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu kafin barci, ya zama abin da kuka saba yi kullum cikin natsuwa. Kada ya zama sai ranar da aka ji mugun labari ne ake tara yara a firgice a ce maza ku yi addu'a, domin a lokacin yaro zai haɗa addu'ar da tashin hankali.

Na san akwai masu saurarena a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da na kan iyaka a yankin Maraɗi, waɗanda za su ce, malam, kai kana maganar labarin da aka ji a rediyo, mu kuwa ƙarar bindiga muke ji da kunnenmu. Gaskiya ne. A wurinku ba za a ce wa yaro abin yana nesa ba. Amma ko a nan, yaron da ya san abin da zai yi ya fi samun natsuwa a kan wanda bai sani ba. A zauna da rana, lokacin da hankali yake kwance, a tsara: idan an ji harbi wa zai ɗauki wa, ta ina za a fita, ina za a haɗu idan an rabu. Yaro ya haddace cikakken sunan mahaifinsa da sunan garinsu da sunan mai unguwa ko dagaci, da lambar waya ko da guda ɗaya. Mutanen da suka yi aiki da 'yan gudun hijira sun san wahalar da ake sha da yaron da ka tambaye shi sunan mahaifinsa ya ce maka Baba.

Sai mu zo kan wani lamari da ya girgiza Kano. A watan Disamban 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar a kan hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. A watan Janairun 2022 aka gano cewa ba ta raye, kuma wanda ya sace ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa. A watan Yulin 2022 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Allah ya jiƙanta, ya ƙara wa iyayenta haƙuri. Ba zan wuce haka ba.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, ya rushe darasin da muka daɗe muna koya wa yara. Muna ce musu kada ka bi baƙo, kada ki karɓi alewa a hannun wanda ba ki sani ba. Wannan yarinya ba baƙo ta bi ba. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari. Kuma mu ne muka tarbiyyantar da yaro cewa duk babban da ya kira shi ya amsa, duk wanda ya aike shi ya tafi, musun babba rashin kunya ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba na cewa a watsar da ita. Amma dole a buɗe mata ƙofa guda. Yaro ya san cewa babu wanda zai tafi da shi wani wuri, ko malaminsa ne, ko maƙwabci, ko abokin Baba, sai Umma ko Baba sun sani da bakinsu. Idan wani ya ce Mamanka ce ta aiko ni, amsar ita ce, bari in je gida in tambaya. Kuma ku gaya masa ƙarara cewa idan ya ƙi bin babba saboda wannan doka ba za a doke shi ba, ko da daga baya ta bayyana cewa mutumin gaskiya ya faɗa. In kuwa aka doke shi sau ɗaya a kan haka, dokar ta mutu.

A haɗa da maganar asiri. Duk babban da ya ce wa yaro kada ka faɗa wa Mamanka, to wannan maganar ce ta farko da za a kawo wa Mama. A ƙayyade masa sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauko shi daga makaranta, makarantar ma ta san sunayen. A koya masa cewa idan wani ya kama hannunsa da ƙarfi ya yi ihu iya ƙarfinsa yana cewa ba babana ba ne, domin mutane a titi idan sun ga yaro yana kuka kawai sukan ɗauka rigimar yaro ce da ubansa. Waɗanda suke cikin birni su koya wa manyan yara lambar kiran gaggawa ta 112, wadda kyauta ce. Duk wannan ana iya koyar da shi cikin wasa da raha, ba sai an ba da labarin abin da ya sami wata yarinya ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon iyaye mata musamman su bari. Da can idan yaro ya ƙi barci ko ya ƙi shigowa gida da magariba, da Dodo ake tsorata shi. Dodo na tatsuniya ne, yaro yana girma yana gane babu shi, har ya riƙa dariyar kansa. Yanzu sai ka ji ana cewa, in ba ka yi shiru ba zan kira masu garkuwa su tafi da kai. Waɗannan kuwa akwai su, yaron ya sani, kuma kin gaya masa cewa ke da ya dogara da ke za ki iya miƙa shi gare su. Shirun da kika samu na minti biyar bai kai wannan tsada ba.

Sannan mu kula da sunan da muke kiran masu laifi a gaban yara. Idan kullum abin da yaro yake ji shi ne sunan wata ƙabila haɗe da kalmar ɓarayi, gobe zai je aji ya kalli abokinsa Bafulatani da wani ido, ko ya guji mai tallar nonon da ta shekara goma tana shigowa gidanku. Fulani da yawa su ma an sace musu shanu, an sace musu 'ya'ya, an kashe musu dangi. A ce 'yan bindiga, a ce masu garkuwa da mutane, a kira su da aikinsu. Mu da kanmu mun ɗanɗana ɗacin irin wannan kuɗin goro a watan Maris na 2025, lokacin da aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, aka zarge su da garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban kowane alƙali ba. Samarinmu su ji wannan daga bakinmu: ihun ɓarawo ba hujja ba ne, kuma wanda ya ɗauki dutse a cikin taro ya shiga cikin alhakin jini.

Tunda na ambaci samari, su da 'yan mata masu waya a hannu lamarinsu daban ne. Ba za ka ɓoye musu labari ba, sau da yawa ma sun riga ka gani. Abin da za ka yi da su hira ce, ka tambaye su ra'ayinsu, ku bambance labarin da aka tabbatar da wanda aka turo a WhatsApp da muryar wani da ba a san ko wane ne ba. Ku yi magana a kan bidiyon gawarwaki da na mutanen da ake azabtarwa a daji. Bayan harin bam da aka kai wajen gasar gudun fanfalaki a Boston a 2013, masu bincike na Jami'ar California da ke Irvine sun gano cewa mutanen da suka riƙa shafe awa shida ko fiye a kullum suna bin labarin sun nuna alamun firgita fiye da waɗanda suke wurin da abin ya faru. Manya ke nan. To ina ga yaro ɗan shekara goma sha uku da ya kalli bidiyo ɗaya sau goma a ƙarƙashin bargo? Iyaye ma su duba kansu, domin sau da yawa wayar Baba ce ke kunna irin wannan da ƙarfi a tsakar gida. Masu garkuwa suna sakin bidiyon nan ne don su tsorata jama'a su matsa wa dangi su biya kuɗi, duk wanda ya tura shi gaba ya taya su aiki. Wani abu kuma ga samarin birni, inda ƙwacen waya ya yi yawa: ku gaya musu da bakinku cewa idan an tare su da makami su miƙa wayar, ba za ku yi faɗa ba. Yaro da yawa yana kokawa da ɓarawo ne don tsoron abin da zai tarar a gida.

To wa zai yi duk wannan magana? Na san akwai kunya. Akwai uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi hira. Akwai uban da idan ya yi sallama yara suke watsewa. Ba sai an rushe al'ada ba, domin al'adar da kanta ta tanadi mafita. Kaka tana nan, wadda jika yake wasa da ita, yake faɗa mata abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Goggo tana nan, kawu yana nan, yaya babba tana nan. A zaɓi wanda yaron ya fi sakewa da shi, a gaya masa abin da ake so ya ji daga bakin yaron. Amma ku iyaye maza, akwai jimlar da ta fi nauyi idan daga bakinku ta fito. Yaro ya ji ubansa ya ce ni ma abin ya dame ni, amma ga abin da muke yi, wannan yana koya masa cewa jin tsoro ba abin kunya ba ne. Mu daina ce wa ɗan shekara bakwai, kai ba namiji ba ne? Abin da kawai yake koya daga wannan shi ne ɓoyewa.

Yaron da ya ɓoye, jikinsa yakan faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Wani yana firgita cikin barci, wani ya maƙale wa uwarsa ko bayan gida ba ya barin ta ta je, wani kullum da safe cikinsa ke ciwo idan lokacin makaranta ya yi, an je asibiti ba a ga komai ba. Wani kuma faɗa da ƙannensa ne zai ƙaru. Za ku ga yara suna wasan 'yan bindiga da sojoji da karan dawa. Wannan wasan kada ya tayar muku da hankali, hanyarsu ce ta narkar da abin da suka ji, sai dai a saurara a ji yadda wasan yake ƙarewa. Fitsarin kwance na tsoro kuwa bulala ba ta maganinsa, ƙara shi take yi. Abin da yake taimakawa shi ne rayuwa ta ci gaba yadda aka saba: abinci a kan lokaci, makaranta idan akwai tsaro, barci a kan lokaci, tatsuniya da dare maimakon labaran ƙarfe tara.

Yawancin yara sukan warware cikin 'yan makonni idan sun samu wannan kulawa. Idan an wuce wata guda abin bai ragu ba, ko yaro ya daina cin abinci, ko ya daina magana, ko kuwa shi da kansa ya ga abin da idonsa ko an taɓa tafiya da shi, to a haɗa addu'a da asibiti. A fara da asibitin da ya fi kusa a nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. A Kano akwai na Dawanau, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kai yaro can ba ya nufin ya haukace, kuma ba sai maƙwabta sun san inda kuka je ba. Idan za ku tafi, wanda yaron ya fi sakewa da shi ya raka shi, ku kuma gaya wa likita ranar da kuka fara ganin canjin da abin da ya faru kafin nan.